A Gaɓar Sisili, Inda Lemo Ke Bushewa a Tsaye

Jirgin ƙasan da ke tashi daga Messina ya nufi kudu ba ya rabuwa da teku. Ta hagu ruwa ne, ana hango gaɓar Calabria can ƙetare. Ta dama duwatsun Peloritani ne suka miƙe tsaye, ba su bar wa mutane komai ba sai 'yar siririyar ƙasa tsakaninsu da ruwan. A wannan 'yar ƙasa, da cikin kwarurrukan da ke gangarowa daga duwatsu, mutanen gabashin tsibirin Sisili suka dasa lemun tsaminsu. Ba irin namu ba ne ƙarami kore mai siririn ɓawo. Nasu babba ne, yakan cika tafin hannu, idan ya nuna ya koma ruwan ɗorawa. A ƙarshen watan Afrilu na bi hanyar, itatuwa suna cikin fure, duk tashar da aka buɗe ƙofa sai ƙamshi ya riga fasinja shigowa.

Amma wanda ya san lambu ba zai daɗe yana kallo ba idonsa zai tsaya a kan wani abu dabam. Cikin kore shar sai ka ga itace rabinsa ya yi toka-toka, rassa tsirara. Can gaba wani an guntule masa babban reshe. Can kuma gurbi ne fayau a tsakiyar layi, an tumɓuke an ɗauke. Ciwon da ke wannan ɓarna Italiyawa na ce masa mal secco, wato ciwon bushewa. Abin da ya kawo ni gaɓar nan shi ne in ga itatuwan da ciwon ya kasa kashewa, in kuma ji dalilin da ya sa har yau ba su ne suka cika lambunan ba.

Na fara sauka a Santa Teresa di Riva, gari dogo siriri da ya kwanta a bakin ruwa. A wannan yanki aka fara ganin ciwon a ƙasar Italiya, a 1918. Kafin nan an san shi a tsibiran Girka na Chios da Poros tun wajen 1894, kuma ana kyautata zaton cikin dashen da aka shigo da shi daga can ya ƙetaro. Manoma suka yi shekaru suna kallon dukiyarsu tana bushewa a tsaye, masana kuma suna ta jayayya a kan musabbabi, har 1929, lokacin da Lionello Petri, masanin cututtukan tsirrai da ke Roma, ya tabbatar cewa wata ƙwayar cuta ce dangin funfuna, mai zama cikin jijiyoyin da ke kai ruwa daga saiwa zuwa ganye. An sha sauya mata suna tun daga lokacin, yau a littattafai Plenodomus tracheiphilus take. Sanin sunanta bai tsayar da ita ba. Gaetano Ruggieri, na tashar binciken lemo da ke Acireale, ya ƙiyasta cewa tsakanin 1918 da 1953 ta halaka lambunan da ba su gaza hekta 12,000 ba a Sisili.

Nau'in da ya fi cika tsibirin a wancan zamani, har yau ma, shi ne Femminello. Itace ne mai albarka. Ba ya hutawa, yakan yi fure sau da yawa a shekara, ruwansa da yawa, tsaminsa da kaifi, man ɓawonsa kuma masu turare da masu lemun kwalba na nemansa ido rufe. Shi ne kuma ciwon ya fi ci. To, a cikin wani lambun Femminello da ciwon ya kusa sharewa kakaf a nan Santa Teresa aka tarar da tsohon itace guda yana tsaye lafiya lau. Aka ɗebi idanunsa aka yi ta aurawa a kan wasu gindaye, aka raɗa wa zuriyar sunan garin. Yau har a rumbun irin lemo na Riverside da ke Kalifoniya akwai Femminello Santa Teresa. Juriyarsa ba cikakkiya ba ce, shi ma yakan kamu, sai dai ya fi 'yan'uwansa daɗewa a tsaye. Ina tafe a bakin ruwan garin ina juya labarin a raina. Mutumin da lambunsa ya mutu, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya sare komai ya ƙone ya huta da gani. Da an yi haka, da abin da ke cikin jikin itacen nan ya tafi da hayaƙi, ba tare da kowa ya san an yi asara ba.

Daga nan na ɗan koma baya zuwa Nizza di Sicilia, na hau kwarin kogin Nisi wajen Fiumedinisi. Lambunan nan hawa-hawa suke a jikin tsauni, kowane hawa an tokare shi da katangar dutse da aka jera ba laka ba siminti. Motar noma ba ta shiga, komai sai hannu. Nan ne mahaifar wani lemo mai suna Interdonato, sunan Kanar Giovanni Interdonato, wanda ya yi yaƙi a ɓangaren Garibaldi, jagoran yaƙin haɗa kan Italiya, ya dawo gida ya duƙufa a lambu. Wajen 1875 ya fito da wannan iri, kuma ana cewa haɗi ne tsakanin wani lemun tsami na yankin da cedro, wani kakan lemo mai kaurin ɓawo. Ɗan dogo ne, fatarsa sumul, da tsini a ƙasa, ƙwayarsa kaɗan, tsaminsa da sauƙi, masu shan shayi na sonsa. Yana nuna da wuri, tun watan Satumba, kafin sauran su shigo kasuwa. Kanar ɗin ba maganin ciwo yake nema ba, don sai bayan shekara fiye da 40 ciwon ya iso gaɓar. Da ya iso, sai aka ga Interdonato yana jurewa inda Femminello ke faɗuwa, kwarin ya cika da shi. A 2009 Tarayyar Turai ta ba shi shaidar asali ta yankin Messina. Turkawa ma, waɗanda ciwon ya addabi nasu Kütdiken, sun dasa shi da yawa, yana cikin na farkon da suke fitarwa waje kowace shekara.

Sai dai girbinsa kusan sau ɗaya ne. Ga manomin da ya saba tsinkar lemo bazara da hunturu, wannan ba ƙaramin rashi ba ne.

Bayan an wuce Taormina ƙasa takan sauya launi. Dutsen Etna mai aman wuta ya bayyana ta dama da sauran ƙanƙara a kansa, ƙasar noma ta koma baƙa, katangu ma baƙaƙe. A wani lambu da ke gangaren Acireale, kusa da gefen dutsen da ke kallon teku, wani dattijo ya karɓe mu ni da abokin tafiyata da ke yi mini tafinta. A tsakiyar lambun akwai tsohuwar ma'ajiyar ruwa ta dutse da magudanai da ke rarraba ruwan gindi-gindi, tsarin da mutanen tsibirin ke jinginawa ga zamanin mulkin Musulmi, wanda ya fara a 827. Ga Musulmin kuma ake danganta yaɗuwar lemun tsami da lemo mai ɗaci a ƙasar.

Dattijon bai yi dogon bayani ba. Ya kai mu gaban wani Femminello, ya nuna ƙarshen wani reshe inda jijiyoyin ganye suka yi fatsi-fatsi, wasu ganyen sun zube sun bar ƙusoshinsu manne a jikin tsinke. Ya zaro wuƙa ya fere ɓawon ƙasa da wurin. Itacen da ya kamata ya zama fari sai ga shi ja-ja, launin cikin gwanda nunanniya. Ya ƙara gangarawa ya sake ferewa, launin yana nan. Sai da ya kai kusa da mahaɗar babban reshe ya samu fari. Ya ce daga nan za a yanke, a kuma ƙara ƙasa kaɗan, don ciwon kullum yana gaba da inda ido ya gan shi.

Yadda abin ke faruwa shi ne, ƙwayar tana hayayyafa a jikin busassun rassa, cikin wasu ƙananan baƙaƙen ɗigo da ke ƙarƙashin ɓawo. Mutanen Sisili ruwan samansu da sanyi yake zuwa, daga kaka zuwa ƙarshen hunturu, kuma lokacin ne iska da ruwa ke watsa ta. Ba ta shiga sai ta rauni: inda ƙanƙara ta fasa ganye, inda iska ta goga reshe da ƙaya, inda sanyi ya ƙona toho, inda almakashi ya bi. Tana jin daɗin yanayi tsakanin digiri 14 zuwa 28, zafin da ya haura 30 yakan dakatar da ita. Idan ta shiga jijiyar ruwa sai ta bi ta, tana fitar da dafi, hanyar ruwa tana toshewa, reshe ya mutu da ƙishi alhali saiwa na cikin danshi. Wanda ya shigo ta sama yakan yi shekaru yana gangarowa, mai almakashi yana iya tare shi. Wanda ya shigo ta saiwa shi ne abin tsoro. Suna kiransa mal fulminante saboda saurinsa, itace yakan bushe gaba ɗaya cikin ɗan lokaci, wani sa'in da ganyensa da 'ya'yansa a jiki. Shi ya sa dattijon ba ya barin garma ta shiga lambunsa da sanyi. Feshin maganin tagulla yana kare rauni idan an yi shi da wuri bayan ƙanƙara, amma babu feshin da ke bin ƙwayar cikin itace ya kashe ta. Abin da ya rage shi ne yanka da ƙonawa, shekara da shekaru.

A gefen da iska ta fi bugawa ya nuna mana wasu itatuwa gajeru, masu duhun ganye, ƙayarsu kaɗan. Monachello ke nan, wanda a cikin lemun tsamin Sisili babu mai juriyarsa. Ƙwayar takan shige shi kamar kowa, amma tafiyarta a jikinsa a hankali take, itacen yakan killace ta ya ci gaba da rayuwa. Na tambaya me ya hana ya cika lambun da shi. Ya tsinko guda, ya tsinko Femminello, ya raba kowanne biyu ya miƙo mini in matse. Ba sai an yi mini tafinta ba. Monachello ɓawonsa kauri, ruwansa kaɗan, tsaminsa bai kai ba. Itacen ba ya saurin girma, ba ya ɗauka da yawa, masana'antar matse ruwa da mai ba ta ɗokinsa. A shekarun da ciwon ya fi tsanani manoma da yawa sun koma gare shi don dole, da suka sami sarari suka bar shi.

Akwai kuma sana'ar verdelli, wadda yankin Etna ya shahara da ita. A tsakiyar bazara sai a hana itace ruwa makonni, har ganye ya fara lanƙwashewa, sannan a sake masa ruwa da taki. Firgitar nan takan sa ya yi fure ba a lokacinsa ba, 'ya'yan su nuna a bazarar da ke tafe, kore, daidai lokacin da lemo ke tsada. Femminello na amsa wannan horo, Interdonato ba ya amsawa sosai. Amma tohon da ke biyo baya yakan shiga kaka da ɗanyen jiki, lokacin da ƙwayar ke yawo. Haka ma yawan takin zamani mai sa ganye. Duk abin da manomi ya yi don itace ya ƙara ba shi, kusan yana ƙara buɗe wa ciwon ƙofa ne.

Tashar binciken da ke Acireale an kafa ta a 1907, yanzu tana ƙarƙashin hukumar binciken noma ta ƙasa, CREA. A gonakinta ake ajiye da ire-iren lemo masu yawa, ciki har da waɗanda babu ɗan kasuwar da zai taya. Nan na fahimci abin da ya sa shekara ɗari ba ta isa a haɗa juriyar Monachello da albarkar Femminello a jiki ɗaya ba. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa babban lemun tsami ɗan haɗi ne: uwarsa lemo mai ɗaci, ubansa cedro, kuma dukansu biyu mal secco na kama su. Daga wannan haɗi guda kusan duk sanannun ire-iren suka fito, Femminello na Italiya, Fino da Verna na Sifaniya, Eureka da Lisbon na Amurka. Ba ta iri aka yaɗa su ba, ta aure ne, reshe daga reshe, sai ɗan sauyin da kan faru a toho jefi-jefi. Wato gida ɗaya ne mai ƙarancin gado, babu wani faffaɗan dangi da za a shiga a zaɓo. Idan an fita waje, juriya tana nan: lemun zaƙi da tanjarin da wuya ciwon ya yi musu illa. Amma idan ka haɗa su da lemun tsami, abin da za a haifa ba lemun tsami ba ne kuma. Ƙari a kan haka, ƙwayar lemo sau da yawa takan tsiro da kwafin uwa maimakon ɗan haɗin da ake nema, kuma wanda aka samu sai an jira shi shekaru kafin ya yi ɗan fari, sannan a sake jiran wasu shekarun a ga ko ciwon zai kayar da shi.

Gindin da ake aura lemon a kai ma yana da nasa tarihin. A ƙarni na 19 wani ciwo mai ruɓar da gindi, mai sa itace zubar da ƙaro, ya tashi daga tsibiran Azores ya iso Sisili cikin shekarun 1860. Phytophthora ke kawo shi, halitta mai kama da funfuna ko da yake masana sun ware mata dangi dabam. Abin da ya ceci lambunan Bahar Rum a lokacin shi ne lemo mai ɗaci, wanda gindinsa ke jure ciwon, aka mayar da kusan komai a kansa. Sai ga cutar tristeza, wadda a shekarun 1930 da 1940 ta kashe miliyoyin itatuwan lemun zaƙi da aka aura a kan wannan gindi a Ajantina da Barazil, kuma ta ɓarke a Sisili a 2002. Masu lemun zaƙi suka fara komawa gindaye masu jinin Poncirus, wani ɗan'uwan lemo mai ganye uku daga Sin. Lemun tsami a kan lemo mai ɗaci ya tsira daga tristeza, amma ta saiwar wannan gindi mal fulminante ke shiga. Babu gindin da ya tare kowace ƙofa.

A Jami'ar Kataniya, kudu kaɗan da Acireale, an tunkari matsalar ta wata fuska. A 2007 masu bincike a can suka ba da rahoton shigar da wata ƙwayar gado daga funfunar ƙasa mai suna Trichoderma cikin Femminello, don itacen ya riƙa fitar da sinadarin da ke narkar da bangon funfuna. Bai fita zuwa lambun manomi ba, dokokin Turai da ra'ayin masu saye ba su bar hanya ba. A 2021 suka wallafa taswirar ƙwayoyin gadon Femminello na Sirakusa, kuma an haɗa Interdonato da Femminello an dasa 'ya'yan a fili ana bin kowanne, don a gano waɗanne sassan gado ne ke tafiya tare da juriya. Idan an gano, ana iya gwada ganyen ɗan tsiro a ɗakin bincike a san makomarsa tun yana cikin tukunya.

An riga an yi haka a wani ciwon. A 1998 wata funfuna mai suna Alternaria ta bayyana a lambunan tanjarin na Sifaniya, tana yi wa ganye da 'ya'ya baƙin tabo, ta sa manoma da yawa suka tumɓuke nau'in Fortune. A 2013 masana na cibiyar IVIA da ke kusa da Balansiya suka nuna cewa lamarin a wuri guda yake, a kan kuromozom na 3. Tsiron da ya gaji kwafi ɗaya na rauni daga uwa ko uba zai kamu, wanda bai gada ba dafin ba ya taɓa shi, kamar nau'in kilamantin. Yanzu masu ƙirƙirar iri suna tace dubban 'yan tsiro da gwaji guda. Mal secco bai nuna irin wannan sauƙi ba. Juriyar da lemo ke yi masa mataki-mataki take, daga Monachello a sama, Interdonato, su Santa Teresa da ɗan'uwansa Zagara Bianca a tsakiya, har Femminello na asali a ƙasa, abin da ke nuna hannaye da yawa ne a ciki.

Mu a Afirka ta Yamma ba a san mal secco ba, amma muna da namu. Funfunar da ke yi wa ganye da 'ya'yan lemo tabo, Pseudocercospora angolensis, wadda aka fara bayyanawa a Angola da Mozambik a 1952, ta kai Kamaru da Nijeriya da Ghana da Gini. A wurinta lissafin ya juya: lemun zaƙi ne ke shan wuya, lemun tsami ya fi jurewa.

Zangona na ƙarshe Sirakusa ne. Nan ƙasa shimfiɗe take, farar ƙasa mai dutsen alli, lambuna manya, layi a miƙe, ruwa na ɗiga ta siraran bututu. An jera dogayen itatuwa don tare iska, wasu wuraren an rufa raga a sama saboda ƙanƙara, duk don a rage raunin da ƙwayar ke bi. Daga wannan lardi kaso mai tsoka na lemun tsamin Italiya ke fita, kuma tun 2011 yana da tasa shaidar asali ta Tarayyar Turai. Ƙa'idar shaidar ta ce lemon ya zama Femminello ko zuriyarsa. Manomin da ya dasa Monachello ko Interdonato a nan don ya huta da yanka ya fita daga tambarin da ke ƙara wa kayansa daraja, ga kuma lemun Sifaniya da Turkiyya da Afirka ta Kudu na gogayya da shi a kasuwannin Turai.

Ban ga laifin manomin da ya zaɓi Femminello ba, iyali yake ciyarwa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne makomar waɗancan marasa farin jini. Lambunan hawa-hawa na kwarin Nisi da gangaren Etna, inda tsofaffin Monachello da Interdonato da sauran ire-iren da ba a rubuta sunansu a kwali suke, su ne ake fara watsarwa idan tsoho ya rasu 'ya'ya suna birni, domin aikinsu na hannu ne, ribarsu kaɗan. Lambun da aka watsar kuma matattarar ciwon yake zama, yana watsa wa maƙwabta. A ganina kuɗin da hukuma za ta kashe a riƙe waɗannan lambuna da gonakin ajiyar iri ba taimakon gajiyayyu ba ne. Masu binciken Kataniya ba za su iya karanta gadon itacen da aka riga aka ƙone ba.

Wani matashi da ya gaji lambun mahaifinsa kudu da Sirakusa, hanyar Avola, ya zagaya da ni cikin nasa. Femminello ne kusan duka. Ya ce shi ya daina ɗaukar ciwon a matsayin annoba, cikin kasafin shekara yake sa shi, tare da kuɗin taki da na wutar famfo. Kowace shekara akwai ladan masu yanka, akwai kuɗin dashen cike gurbi. A ɓangaren da ya fi yin asara ya fara sa Zagara Bianca, wanda Femminello ne shi ma, tambarin ya yarda da shi, kuma ya ɗan fi jurewa. Masu yanka za su shigo idan zafi ya kama sosai, su bi itace ɗaya bayan ɗaya, suna tsoma almakashi cikin magani kafin su matsa na gaba, a kwashe rassan a ƙone a ranar.